Kafin a Damƙa Asibiti a Hannun Kamfani, a Karanta Yarjejeniyar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankali kan haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni wajen gina asibitoci da gudanar da su. Ana tallata tsarin kamar kuɗi ne ya faɗo daga sama, alhali bashi ne aka sauya wa riga. Kamfani ya ciyo rance ya yi gini, gwamnati kuma ta riƙa biyansa duk shekara, sau da yawa har shekara 15 zuwa 30, haɗe da ruwan bashin da ribarsa. Ruwan da banki ke ɗora wa kamfani kuwa galibi ya fi wanda yake ɗora wa gwamnati.

A dubi Lesoto. A 2008 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar shekara 18 da gamayyar kamfanoni ta Tsepong, wadda kamfanin Netcare na Afirka ta Kudu ke jagoranta, aka gina asibitin Sarauniya 'Mamohato a Maseru, ya buɗe a 2011 da gado 425. Gaskiya aikin jinya ya inganta, mace-mace sun ragu idan aka kwatanta da tsohon asibitin. Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin majinyata. Kuɗin shekara ya tsaya ne a kan mutum 20,000 da za a kwantar da 310,000 da za a duba su koma gida, duk wanda ya haura haka sai gwamnati ta biya daban. Jama'a kuwa suka tsallake ƙananan asibitocinsu suka yi tururuwa zuwa inda ake samun likita da magani, kuma wa zai ga laifinsu? A 2014 ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa wannan aiki ɗaya na cinye fiye da rabin kasafin lafiyar ƙasar. A 2021 gwamnati ta soke yarjejeniyar, tun wa'adinta bai cika ba.

Saboda haka abu na farko shi ne a ƙidaya majinyatan da ake tsammani da gaske, a gyara asibitocin matakin farko, a kuma rubuta ƙa'idar tura majinyaci daga ƙaramin asibiti zuwa babba kafin a sa hannu. Sai batun ƙarin kuɗi. In an ɗaure biyan da hauhawar farashi ko da dala, dole a sa iyaka, domin kasafin lafiya ba ya tashi da saurin da dala ke tashi. Jinkirin biya ma tara yake jawowa.

Wurin da aka fi yin sakaci shi ne na'urori. A ce injin wankin ƙoda ya tsaya da safe, majinyata suna zaune a benci, ƙafafu a kumbure, injiniya yana wani gari. Yarjejeniya mai kyau za ta faɗi awa nawa ne zai iso, wa ke ajiye kayan gyara, wa ke sayen abin tace ruwa da man janareta, nawa kuma za a cire daga kuɗin kamfani kowace rana injin bai yi aiki ba. In ba a rubuta cire kuɗin ba, babu mai gaggawa. Kenya ta yi hayar manyan na'urori a 2015, wasu suka zauna a kwali a asibitocin da ba su da isasshiyar wuta ko ƙwararrun da za su sarrafa su, kuɗin haya kuma yana tafiya.

Kamfani ma yana iya durƙushewa. Kamfanin gine-gine na Carillion ya durƙushe a Ingila a Janairun 2018 ya bar manyan asibitoci biyu ba a kammala ba, kuma a shekarar ce gwamnatin Birtaniya ta daina sababbin ayyuka da wannan tsari. Dole a tanadi wanda zai karɓi aiki washegari, da halin da za a miƙa gini da kaya idan wa'adi ya cika.

Ina kira ga 'yan majalisa da ku 'yan jarida da ku nemi a wallafa kowace irin wannan yarjejeniya, a ga jimillar abin da za a biya shekara bayan shekara, da kuɗin da za a caji majinyaci, da wanda zai ɗauki nauyin mai naƙuda ko wanda ya yi haɗari ya iso ba ko kwabo a aljihunsa.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu