Wasiƙa daga Masaka: Maganar Kwanon Rufi

Masaka, Jihar Nasarawa

Ɗan'uwana kuma aminina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya iyali, yaya aiki, yaya kuma ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso ni ta bakin ƙanena. Ya ce ranka bai yi daɗi ba da ka ji na kwashe kwanon rufin da na tara don gidana na kai majami'a, har ka tambaya ko wani mai wa'azi ne ya juya mini kai. Ban ji haushi ba, na san ƙauna ce ta sa ka faɗa. Amma wannan ba maganar waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ka san yadda muka faro. Da Boko Haram suka shiga Mubi da hedikwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi a ƙarshen Oktoba 2014, kowa ya kama gabansa. Kai ka yi kudu, ni na yada zango a nan bakin hanyar Abuja zuwa Keffi. A ajin wata makaranta muka fara sujada, muna zama kan bencin yara. Yau in ka zo ba za ka gane mu ba. Ga mutanen Michika, ga na Gwoza da Chibok da Lassa, ga 'yan Filato da kudancin Kaduna da suke zuwa don a nan ake sujada da Hausa. Sau biyu muke shiga ran Lahadi, duk da haka rumfar da muke sujada a ciki ta yi mana kaɗan. Yara a gindin mangwaro suke karatunsu, da hadari ya taso sai a watse.

Muka ce sai gini. To, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, siminti da rodi da katako duk sun yi tashin gwauron zabi. Ni aka ba riƙon kuɗin kwamitin gini, kuma abin da na gani a littafin nan shi ya hana ni barci. Yawancin baikon daga masu tuyar ƙosai yake fitowa, da 'yan acaɓa, da masu gadi a Abuja waɗanda ke sammako tun duhu. Zumuntar mata suka ɗauki ɗiban ruwa, matasa kuma buga bulo duk Asabar.

Wata rana bayan sujada, wata tsohuwa gwauruwa 'yar Gwoza ta zo tana jaye da akuya. Na san ta sarai. An kashe mijinta a rikicin, jikoki uku take riƙo, akuyar nan kuwa ita ce kaɗai dukiyarta. Ta ce a sayar a sa a gini. Na ce, "Mama, ki koma da abinki, Allah ya ga zuciyarki." Ba rainin baikonta na yi ba. Kowa yana son karanta labarin gwauruwa mai anini biyu a Markus sura 12, amma ana tsallake abin da ke sama da shi kaɗan, inda Yesu ya tsawata wa malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye. Tsoro nake ji kada mu zama su.

Sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, mijina da kansa ya yi dakon dutse da aka gina majami'armu a gida. An ƙone ta. Nan ne jikokina za su yi baftisma. So kake a gama ginin nan ba hannuna a ciki?" Na rasa ta cewa.

Muka kai maganar gaban fasto da dattawa, aka daɗe ana juya ta. A ƙarshe aka karɓi akuyar, aka kuma yanke cewa asusun taimakon gwauraye da marayu ba za a taɓa ko sisi a ciki don gini ba, daga nan ne ma za a riƙa biya wa jikokinta kuɗin makaranta. A ganina dole waɗannan biyun su tafi tare. Majami'ar da ta karɓi akuyar gwauruwa, hakkin tukunyar gwauruwar ya hau kanta.

Da na koma gida a daren, idona ya faɗa kan kwanon nan bandir 4 jingine a bayan ɗaki. Na tuna Sarki Dawuda a masussukar Arauna, da aka ba shi wurin da shanu kyauta ya ƙi, don ba zai miƙa wa Ubangiji hadayar da bai biya kome a kanta ba. Shekara da shekaru ina fitar da zakka, amma ban taɓa ba da abin da na ji a jikina ba.

Ban yi gaban kaina ba. Na gaya wa maman yara, ta yi kwana biyu ba ta ce uffan ba. A na uku ta ce a kai, da sharaɗin kuɗin makarantar yara da na abinci ba su cikin lissafi. Haka aka yi.

Kada ka ɗauka ba zafi. Za mu ƙara aƙalla shekara guda a gidan haya, mai gidan kuma ya riga ya ƙara kuɗi. Katangar gidanmu tana nan tsaye ba rufi, damina za ta sake dukanta. Kuma ba ina jiran Allah ya ninka mini ba ne. Ka san ba na tare da masu cewa ka shuka iri yau ka girbi mota gobe, ko masu kiran sunan mai kuɗi a lasifika talaka yana sunkuyar da kai. Manzo Bulus ya yabi ikilisiyoyin Makidoniya don sun bayar cikin tsananin talauci da yardar ransu, ya kuma faɗa sarai cewa ba a neman wasu su huta wasu su matsu. Iyayenmu a gindin tsamiya aka fara musu sujada a Garkida a 1923, daga baya suka gina majami'u da jar ƙasa da guminsu. Yanzu layi ya zo kanmu.

Ranar da aka buga kwanon, na tsaya a ciki ina jin ƙarar guduma. Tsohuwar nan tana zaune kan bulo tana kallon sama, tana rera waƙa da harshensu a hankali.

Saura tagogi da daɓe. Ban rubuto don roƙo ba, amma in Allah ya sa maka a zuciya, ƙofa a buɗe take, bayan ka shawarci uwargida. Abin da na fi so shi ne ka zo bikin godiya na kaka, ka zauna tare da mu a ƙarƙashin rufin nan. Ɗakin yara yana nan, za mu gyara muku shi.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Maman yara ta ce in ka tashi zuwa ka taho mata da manja.

Naka har kullum,
Ɗan'uwanka cikin Almasihu