Wasan kwamfuta zai koyar da lissafi, in an san inda lissafin yake

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin 'yan'uwana malaman lissafi na sakandare kan sa ɗalibai su ƙera wasan kwamfuta da kansu. Hanya ce mai amfani ƙwarai, amma lissafin yana ɓoye ne a wuraren da wasan ke lalacewa, kuma nan ya kamata malami ya tsaya.

A fara da Scratch, manhajar kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, wadda ke aiki ko babu intanet. Filinta tamkar takardar giraf ne: x daga -240 zuwa 240, y daga -180 zuwa 180. A ba ƙwallo gudun kwance 5 da gudun tashi 15, a riƙa rage 1 daga gudun tashin a kowane zagaye, wato duk lokacin da manhajar ta maimaita umarnin motsin. Ƙwallon zai tashi ya lanƙwaso, ɗalibi ya ga farabola, wato wannan lanƙwasasshen layi, da idonsa kafin a rubuta masa x² a allo.

Daga nan matsaloli za su ɓullo, kuma kada malami ya yi gaggawar gyarawa. In ɗan wasa ya matsa 5 dama da 5 sama a lokaci guda, gudunsa zai ɗan haura 7, domin 5 sau 5 shi ne 25, 25 da 25 sun ba da 50, wanda ya ɗan haura 7 sau 7. Ka'idar Pythagoras ke nan, ta zo da ƙafarta. Haka kusurwa: a littafi digiri 0 na duban dama, a Scratch kuwa sama yake duba, 90 ne dama. Wanda ya kwafi cos don x da sin don y zai ga harsashinsa ya bi wata hanya dabam. Dole ya musanya su, ya kuma faɗi dalili. Ƙwallon da ke tsallake taki 20 a zagaye ɗaya kuma yana iya ratsa bango mai kaurin 10 ba tare da ya taɓa shi ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne a bar ɗalibai su dogara da tubalin umarni na Scratch da ke gano karo da kansa. A hana shi! Su ɗauki abubuwan da za su yi karon a matsayin da'irori, su auna tazarar tsakiyar da'irorin biyu, su gwada ta da jimlar rabin faɗinsu.

Zanen jarumi kada ya wuce minti 10, in ba haka ba zai cinye darasin. Ɗalibai biyu a kwamfuta ɗaya sun isa, kuma kafin su danna tutar nan mai launin kore da ke fara wasan, kowa ya rubuta a takarda inda yake hasashen ƙwallon zai sauka.

Wassalam,
Wani malamin lissafi