Daga Filadelfiya zuwa Kantin Kwari

Filadelfiya, 18 ga Fabrairu, 2025

Sarkin Musu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwa, ya amarya da uwargida, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Na san ka cika ka batse. Saƙonninka na murya guda huɗu suna nan ban amsa ko ɗaya ba, har da wanda ka ce in dai ban mutu ba to lallai na zama Bature. Ban mutu ba. Murya ce ta dishe, kwana tara ke nan in na buɗe baki sai fasinja ya waiwayo ya ga ko da wani a motar. Shi ya sa na zauna na rubuta maka. Maganar filin Rijiyar Zaki da ka tambaya, ko a sa bulo yanzu ko a bari sai bayan salla, zan zo kanta. Bari in fara sauke abin da ke cina.

Mun ci kofi. Mun ci kofi, mutumina!

Na san za ka ce su wa ke nan "mu". Yi dariyarka, ka ci bashi ne. Ni ne dai wanda ya rubuto maka a 2009 cewa mutanen ƙasar nan ba su san ƙwallo ba, wai ƙwallonsu kamar gwanda, ƙartai sun sa kwalkwali suna tunkuyi kamar ragunan layya, su yi daƙiƙa biyar suna wasa su yi minti biyu suna ƙus-ƙus. Yau ga ni na lashe amaina, har da koriyar hula a kaina. Ƙungiyar garinmu, Eagles, ta ɗauki kofin zari-rugar Amurka ranar Lahadi 9 ga watan nan a New Orleans. Ta lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22, kuma wallahi lissafin ma ya rufa musu asiri, don sai da muka kai 34 ba su da ko ɗaya.

Abba ne ya ja ni ciki. Lokacin da suka ci kofinsu na farko a Fabrairun 2018, da suka doke New England 41 da 33, ni abin da ya dame ni a daren shi ne an toshe tituna na kasa ɗaukar fasinja. Amma shekara biyu da suka wuce, da waɗannan Chiefs ɗin suka cinye mu a wasan ƙarshe 38 da 35, da bugu ɗaya saura 'yan daƙiƙoƙi a tashi, na shigo gida na tarar da yaron nan a bayan kujera yana kuka har da shessheƙa. Yaron da ko ranar kaciya bai yi irin wannan kukan ba. Na zauna kusa da shi na rasa ta inda zan fara, don ban ma san dokokin wasan ba. Sai na ce ya koya mini. Daga nan ya zama malamina. Yaron da in na yi masa Hausa yake amsa mini da Turanci, ya koma yana zaunar da ni duk Lahadi yana ce mini, "Baba, ba haka ba ne, dama huɗu ake ba su su ci yadi goma." Wannan ita ce Hausa mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

Ka ji na ce yadi. E, yadinka dai na Kwari, da shi suke auna fili. To buɗe kunnenka: akwai wani ɗan wasa, Saquon Barkley, da ya ruga da ƙwallo yadi 2,005 a wasa 16 na bana. Lissafa mini, bandir nawa ke nan? Ka taɓa sayar da haka a wata guda, ban da watan salla? Daga New York Giants muka ɗauko shi, maƙwabtanmu kuma abokan gabarmu, da suka ga kamar ya fara tsufa ba za su biya shi ba. Su suka ƙare kaka da cin wasa 3 cikin 17. A watan Nuwamba, a wasa da Jacksonville, mutumin nan ya juya wa mai tsaron baya ƙeya, ya yi tsalle da baya-baya ya haye ta kansa. Na kalli hoton ya fi sau ashirin. Maman Abba ta ce aljanu ne, ta tofa addu'a ta koma kicin. Saura yadi 101 ya karya tarihin da Eric Dickerson ya kafa tun 1984, amma koci ya ajiye shi a benci a wasan ƙarshe na kaka don kada ya ji rauni kafin wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Garin nan ya rabu biyu a kan haka. Ni ina cikin masu cewa a sa shi. Ashe ban san komai ba.

Kuma fa ba da daɗi aka fara ba. Kakar da ta gabata sun ci 10 cikin wasa 11 na farko, sannan suka zube kamar ginin ƙasa a damina. Bana aka kai su har Brazil suka buɗe kaka a Sao Paulo, suka ci Green Bay, sai Atlanta ta biyo mu gida ta cinye mu da tazarar maki ɗaya, Tampa kuma ta yi mana wankin babban bargo, 33 da 16. Wasa huɗu, biyu ci biyu faɗuwa. Ina jin gidan rediyon wasanni a mota daga safe har dare, kowa bugowa yake a kori koci Nick Sirianni. Mutanen garin nan ba su da kara ko kaɗan. Ka san 'yan Pillars in Masu Gida suka yi canjaras a filin Sani Abacha? To waɗancan malamai ne. Nan 'yan wasansu suke yi wa ihu tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Daga nan fa sai ƙungiya ta miƙe, wasa 10 a jere ba faɗuwa, aka ƙare da 14 da 3. Masu cewa a kori koci su ne yanzu suke cewa dama sun faɗa.

Af, na tuna. Da gaske ne Na-Goggo ya ƙara aure? A hoto na gani ya sha babbar riga yana washe baki. Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin tayar babur ɗina ba. Ka ce masa ina taya shi murna, kuma ban yafe ba.

Ranar wasan ƙarshe a gidan mutumin Damagaram ɗin nan muka taru, wanda na ce maka yana da shago a titin Woodland. Mu goma sha ɗaya a falon da bai fi shagonka ba, da 'yan Gana biyu da wani Bafulatanin Gine da bai san komai a wasan ba amma ya fi kowa ihu. An yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ga kilishi da aka ɓoye tun Disamba. An take wasa bayan magariba, lokacin ku kuna ta minshari, wajen ɗaya saura na dare. Gabana faɗuwa yake, don Chiefs sun ci kofi biyu a jere suna neman na uku, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka fara wannan wasan ƙarshen, kuma madugunsu mai jefa ƙwallo, Patrick Mahomes, irin mutanen nan ne da ba a cewa an gama da su sai alƙali ya busa.

Makinmu na farko da turi aka ci shi. Wannan sai ka gani da idonka. In saura yadi ɗaya, sai ƙartan gaba su duƙa kafaɗa da kafaɗa, madugunmu Jalen Hurts ya rungume ƙwallo, na baya su dafa shi su tura. Sak yadda muka tura akori-kurar Baba Tela a Ɗorayi ranar da ta mace a cikin taɓo. Sauran ƙungiyoyi har ƙorafi suke a hana, don sun kasa tarewa kuma sun kasa kwaikwaya. Cikin masu turin akwai wani dogo daga Ostareliya, Jordan Mailata, wanda bai taɓa buga wasan ba kafin a ɗauke shi.

Sai abin da ya tafi da muryata. Mahomes ya jefa ƙwallo, wani yaro sabon shiga, Cooper DeJean, ya cafke ta a iska ya zura da gudu yadi 38 har gida. A ranar ya cika shekara 22. Barkley ma ranar haihuwarsa ce, 28, ka ji ikon Allah. Ban san lokacin da na taka kwanon miya ba. Abba ya ɗare bayana kamar ɗan goye, ni da ciwon bayan nan nawa, muka zagaya falo. Aka tafi hutu 24 da babu. Da aka fara kiɗe-kiɗen hutu muka kashe sauti muka yi isha'i, kuma Allah ya yafe mana, liman bai taɓa gajarta sura irin ta ranar ba. Barkley da kowa ya zuba wa ido yadi 57 kawai ya samu, sun tare shi. 'Yan baya ne suka ci mana wasan. Sau 6 suna kayar da Mahomes da ƙwallo a hannunsa, kuma da mutum huɗu kacal suke kai masa farmaki, sauran suna baya sun toshe ko'ina. Dabarar wani dattijo ce, Vic Fangio. Hurts aka ba gwarzon wasa, wanda shekara biyu da suka wuce ya fita daga fili kansa a sunkuye.

Kai kuma fa? Arsenal ɗinka tun 2004 rabonta da kofin Firimiya. Shekara 21. Yaron da aka haifa ranar da kuka ɗaga kofi yanzu ya isa aure. In kana so in aiko maka da koriyar hula ka huta, ba wanda zai ji daga bakina.

Daren nan garin ya haukace. Hukuma kan shafe turakun fitilun titi da mai don kada a hau, amma sai an hau. Wani ya karya mini madubin mota na gefe, kamfanin inshora kuma yana ta yi mini hanya-hanya. Abin ba duka dariya ba ne: daren da muka ci Washington 55 da 23 muka kai wasan ƙarshe, wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 18 ya faɗo daga kan turke, ya rasu bayan kwana biyu. Shi ya sa ranar Juma'a 14 ga wata, da aka yi zagayen kofi daga titin Broad zuwa matakalar gidan tarihi, na riƙe hannun Abba gam, yana ta fizgewa wai ya girma. An rufe makarantu, sanyi kamar ya tsinke kunne, mutane kamar Arfa. Har manajan ƙungiyar, Howie Roseman, wani ya jefe shi da gwangwanin giya a goshi, don murna wai, jini na zuba yana dariya. Muka sulale muka tafi masallaci, mun samu raka'a ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Abba zai shiga babbar sakandare a ƙarshen shekarar nan, kuma ya kafe sai ya buga. Ya kawo mini takarda in sa hannu. Uwarsa ta ce sai dai bayan ranta. Ni na kasa cewa komai, don ni na zauna da shi shekara biyu ina ihu duk lokacin da aka maka wani da ƙasa. Ina kallo a Disamba kan Hurts ya bugu da ƙasa a wasa da Washington, aka fitar da shi, bai dawo ba sai bayan mako uku. Wannan mai likitoci goma a kansa ke nan. Akwai tsofaffin 'yan wasa da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu saboda yawan karo, ba ɓoyayyen abu ba ne a nan. Da na faɗa masa haka sai ya ce ai akwai ɗan Najeriya a ƙungiyar, Moro Ojomo, haifaffen Legas, ga shi zai sa zoben zakara. Na ce wannan ƙato ne, kai kuwa ƙirar gidanmu ce da kai, iska mai ƙarfi sai ta kai ka New Jersey. Bai yi dariya ba. Kwana biyu yana gaishe ni da Turanci.

Takardar tana cikin aljihun motar, ƙarƙashin rasit ɗin mai. Kai da Malam ya ɗaure ka a turken jaki saboda ka je dambe a bayan gari, gaya mini gaskiya, ka gode masa daga baya ko har yau kana jin haushi? Kada ka yi mini wa'azi, amsa nake so. Kuma kada ka gaya wa Hajiyarmu, in ta ji cewa za ta yi in sako shi a jirgi a kai shi makarantar allo.

Azumi saura kwana goma sha ɗaya ko sha biyu. Akwai wani ɗan unguwarku da zai taso ranar 25, zai biyo ta shago. Ka ba shi yaji mai yawa, da kuka, da daddawa a naɗe ta sosai, kada a maimaita abin da ya faru a filin jirgi bara. Yadin da ka aiko wa Maman Abba ya zuba a wankin farko, ta ce in gaya maka a hankali, ga shi na gaya maka. Ka gaida Hajiya, ka gaida 'yan majalisa, ban da Na-Goggo. Ka turo mini girman kanka saboda hular.

Naka har kullum,
Baban Abba