Zuwa ga ɗana mai shirin tafiya Wusasa

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarka da ke ɗan motsawa idan sanyi ya shigo. Saƙonka ya iso, cewa an ba ka gurbi a makarantar tauhidi ta St. Francis da ke Wusasa. Da na karanta mata, guɗa ta rangaɗa har maƙwabta suka leƙo. Mun gode wa Allah.

Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, ina so ka ji ta kafin ka ɗaure kaya. Ranar da aka ba ka wa'azi a sujadar matasa lokacin Kirsimeti, rabin maganarka da Turanci ka yi. Ban tanka ba, don ba a yi wa mai wa'azi gyara a gaban jama'a. Amma da muka fito, na ji gwaggonka tana cewa, "Kai, yaron nan ya sha karatu." Ba ta ce ga abin da ta ji game da haihuwar Almasihu ba. Na kwana da wannan a zuciyata.

Garin da za ka, kan harshen Hausa aka kafa shi. A shekarar 1900 Bishof Tugwell ya taso daga Legas da abokan tafiya huɗu na ƙungiyar mishan ta Anglikan da ake kira CMS, suka nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai ba su wurin zama ba, suka juyo suka yada zango a Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller. Tun kafin ya tako ƙasar nan sai da ya je Tarabulus ta Libiya ya zauna cikin Hausawa fatake da masu niyyar Makka, yana koyon harshenmu daga bakinsu. Ya zauna a birnin Zariya daga 1905, yana magani yana koyar da yara, kuma shekara da shekaru yana fama da fassara tare da Hausawan da suka taya shi, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Baƙo ke nan ya ba da ƙuruciyarsa don ya iya abin da kai ka sha a nono. Shi ya sa na ji ciwo a ranar.

Kada kuma ka ɗauka Turawa ne kaɗai tushen labarin. Tun a ƙarni na 19 an yi Malam Ibrahim a Kano, wanda ya duƙufa kan nazarin Annabi Isa har ya tara mabiya da ake kira Isawa. An kashe shi, mabiyansa suka watsu wajen Ningi da wasu wurare. Daga baya wasu cikin zuriyarsu suka nemo Miller a Zariya da ƙafarsu, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya afka wa ƙauyen, ya ɗebi mutane da yawa. Idan na tuna da su hawaye kan zo mini: sun bar gida don neman gaskiyar da suka yi imani da ita, suka binne 'ya'yansu, ba su ja da baya ba. Daga wannan tsatson Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

A 1929 mishan ɗin ya tashi daga cikin ganuwar Zariya ya koma Wusasa. Idan ka isa, kafin ka nemi ɗakin kwana, ka shiga tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ka ɗaga kai. Da ƙasa aka gina ta, maginan Hausa suka ɗaura mata bakan gizo irin na soron sarakuna. Duk wanda ya ce maka bangaskiyarka rigar aro ce, ka kai shi ya ga ginin nan. A garin ne Janar Gowon ya tashi, mahaifinsa kuwa mai bishara ne.

Masu bishara ɗin nan su nake so ka nema. Bishof-bishof sunayensu na rubuce, tun daga John Mort da ya fara riƙe dayosis ɗin Arewa. Amma waɗanda suka riƙe majami'un ƙauye, katikis da masu bishara masu yawo a kan keke, suna noma da safe suna koyar da karatu da yamma, yawancinsu ba wanda ya rubuta su. Kakanka yana cikinsu. Tsofaffin da suka rage, ka kai musu gaisuwa, ka durƙusa, ka tambaye su yadda suke bayyana alheri da fansa ga manomin da bai taɓa shiga aji ba. Ka tafi da takarda da biro.

Turanci ka koye shi sosai, da Helenanci idan an koya muku, ban hana ba. Amma kowace safiya ka karanta sura ɗaya da Hausa da babbar murya, har bakinka ya saba. Ran da aka keɓe ka, ba ka san inda bishof zai tura ka ba, kuma maƙwabtanka Musulmi da za ka je wa barka da ta'aziyya, da Hausa za ku gaisa.

Na ba ƙanenka Littafi Mai Tsarki na kakanka ya kawo maka ranar Asabar. Bangon ya saki, ka kai a ɗinke maka shi a Zariya, amma ka ce kada su yanke gefen shafukan, rubutun hannunsa na nan. Mahaifiyarka ta haɗa da yaji da ƙuli-ƙuli, ta ce ka riƙa kira ranar Lahadi bayan an tashi sujada.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka.

Ni ne,
Mahaifinka