Dan Allah a duba buji kafin a ce za a sauke inji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Garwa nake rubuto maka, ina son in yi magana da 'yan uwana direbobi kan buji, wato abin da mutanen Najeriya ke ce wa fulogi.

Kwanaki tsohuwar Corolla ɗina ta fara fizga, da safe sai ta yi ta tari kafin ta tashi, ga shan mai kamar raƙumi, kuma kowa ya san tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ko zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba, ya daina araha. Na kai ta wani gareji, yaron ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce Alhaji sai an sauke inji. Na ce to, bari in yi shawara.

Ina hanyar Marwa ta ƙi ja a Figil. Wani dattijon bakanike ya ce a bari ta huce tukuna, wai in ka kwance buji inji da zafi kana iya cinye zaren ramin da ake ɗaura bujin a kan injin, aiki ya dawo sabo. Ya zaro guda huɗun ya jera a kan tsumma ya ce ɗana zo ka gani da idonka. Duk sun yi baƙi ƙirin, amma busasshen baƙi irin na gindin tukunya, ya ce wannan mai ne ya fi iska yawa, ya ciro iyakilina, wato matatar iska, wallahi ƙurar hunturu ta toshe ta kamar bulo. Da baƙin mai ne ya jiƙa bakin bujin yana maiƙo, to nan ne za a fara zancen ringin fistin da sauke inji. In ya yi fari fat zafi ya yi yawa. Mai lafiya kalar ƙasa-ƙasa yake.

Ya auna tazarar bakin ma, abin da ya kamata ya zama kusan milimita 1, nawa sun cinye sun buɗe. Sabuwar iyakilina, buji huɗu, shi ke nan mota ta miƙe har Marwa.

Sai dai a kula da jabu, kwali an rubuta NGK ko Denso amma wata biyu ya mutu, in an ba ka da arha sosai ka yi tsoro. Kuma buji na gama-gari in ya ci kilomita 30,000 ai ya biya kuɗinsa, a daina ta kankare shi da waya ana mayarwa.

Na gode Malam Edita.

Wani direba,
Garwa, Kamaru