A koya wa yara tarihin gidan Shehu har da waƙoƙinsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda muke koyar da tarihin gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, al'amarin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a matsayina na malamin makaranta. Ɗalibinmu zai kawo maka hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto a shekarar, da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, amma idan ka tambaye shi abin da mutanen wannan gida suke yi kafin a zare takobi da bayan an mayar da shi kube, sai ya yi tsit. Alhali Shehu ya shafe kimanin shekara talatin yana karantarwa da yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi kafin hijira, kuma ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello duk almajiransa ne tun kafin su zama jagororin runduna.

Babban abin da ake tsallakewa shi ne waƙa. Wasu na ɗauka cewa tun da Shehu ya soki sarakunan zamaninsa, a littafinsa Kitabul Farƙi, kan shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana, to babu ruwan gidansa da waƙa. Wannan fahimta ba ta cika ba, domin a wurin da ya yi sukar ya yarda a buga tambari saboda tara runduna ko sanar da tashinta, sannan shi kansa ya tsara waƙoƙi masu yawa da Fulatanci domin makiyayi da manomi da ba su iya Larabci ba su san addininsu. Baiti mai amsa-amo yana zama a ka, mace tana daka ko tana kaɗi tana rerawa, kuma ta haka karatu ya shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ita ce ta kai wannan hanya matuƙa. Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira, saboda haka ta san yunwa da gudun yaƙi da idonta, ta kuma ga irin matan da yaƙi ya bari, zawarawa da kamammu, da yawansu ba su san ko farillan alwala ba. Ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa, waƙar da ke gargaɗin masu mulki kan zalunci, sannan ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru ta ilimantar da mata. Kowace jaji, wato shugabar matan ƙauyenta, Nana takan naɗa ta da malfa da jan rawani, sai ta taho da tsofaffi da 'yan mata ɗauke da sadakar zuma da man shanu da hatsi, su haddace waƙoƙi, su koma su koya wa matan aure a cikin gidajensu. Malfa kuwa a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori, sai Nana ta ɗora ta a kan malamai mata. A ganina babu darasin siyasa da ya fi wannan hikima.

Haka kuma muna ɓoye wa yara cewa mulki ya jarrabi wannan gida. A 1807 Malam Abdullahi ya bar runduna da niyyar tafiya Makka saboda ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'a, har sai da mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu littafi kan hukunce-hukuncen shugabanci, kafin ya komo. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, an sami tsamin dangantaka tsakaninsa da baffansa, sai a garin Kalambaina, inda Abdullahi yake yaƙi da 'yan tawaye, suka daidaita bayan Bello ya kawo masa ɗauki. Faɗin wannan ba rage musu daraja ba ne, Allah ya ƙara musu yarda.

Saboda haka ina kira ga masu tsara manhajar Hausa da ta tarihi da su sanya zaɓaɓɓun baitoci na Shehu da Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa tun daga firamare, a riƙa rera su a aji maimakon karanta su kamar labari. Ina kuma roƙon Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gidajen rediyonmu da su shiga ƙauyukan Sakkwato da Wurno da Gwandu da na'urar naɗar murya, domin takardun ajami sun adana kalmomin, amma karin da ake rera su da shi yana bakin tsofaffin mata ne kawai, kuma kullum raguwa suke yi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Sakkwato.