Godiya ga wani ƙaramin shagon shayi a Uji

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa, musamman dattijuwar da ke kula da masu saye.

Na san ba ku jin Hausa, kuma da wuya wannan takarda ta iso hannunku sai in maigidana ya samu sarari ya fassara muku. Duk da haka da Hausa zan rubuta ta, saboda 'yan'uwana da ke karatu ko aiki a Japan, da masu zuwa ziyara. Yaba kyauta tukwici, ni kuwa ba ni da wani tukwicin da ya wuce wannan, tunda a ƙasar nan ko an miƙa wa ma'aikaci ɗan ihsani ba ya karɓa, sai ma ya biyo mutum da gudu ya ce ya manta canjinsa.

Duk wanda ya yi watan Yuli da Agusta a Kyoto ya san zafin garin ba wasa ba ne. Duwatsu sun kewaye shi ta ɓangare uku, iska ba ta ratsawa, ga gumi da ba ya bushewa a jiki. A irin wannan lokaci ko'ina aka juya askirim ɗin matcha ne, wato na garin koren ganyen shayi, kore shar, a tashar jirgi, a bakin wuraren ibadarsu, a ƙananan shagunan unguwa da ba sa rufewa dare da rana. Häagen-Dazs ta fito da nata a nan Japan tun 1996, yau kuwa da wuya a samu kamfanin da ba ya yi. To yarana ma yara ne. Su tsaya su zuba wa firiza ido, ni kuma in ɗauko kwali in juya bayansa ina karantawa da waya, mutane na jira a bayana.

Shayin kansa ba shi da matsala, ganye ne. Abin da ake haɗa shi da shi ne ke tsayar da Musulmi. Akwai sinadarin da ke haɗa mai da ruwa, wanda suke rubutawa nyukazai. Wani lokaci su ƙara da cewa daga waken suya aka samo shi, sau da yawa kuma su yi shiru, mutum bai san ko kitsen dabba ba ne. Akwai jelatin, wanda a nan galibi na alade ne. Akwai masu ɗiga barasa don ƙamshi. Kuma yawancin masu araha ma a dokar ƙasar ba askirim ba ne, domin sai kitsen madara ya kai kashi 8 cikin 100 ake ba shi wannan suna. Na ƙasa da haka sau da yawa da man tsirrai ake cike giɓin, jerin sinadaran kuma ya ƙara tsawo. Na gaji da cewa "a'a, mayar". Shi ya sa na ce zan riƙa yi musu a gida.

Samun garin kirki shi ne ya zame mini aiki. A wani shago da ke unguwar 'yan yawon buɗe ido na ce ina son matcha na girki, yarinyar ta miƙo mini leda ko ɗago kai ba ta yi ba. Da na buɗe a gida, sukari ya fi shayin yawa, irin wanda ake damawa da ruwan sanyi a sha ne. A wani wurin aka ba ni gari mai duhu, kamar lallen da ya daɗe a kwano, ba ƙamshi sai bauri. Askirim ɗin da ya fito ko yaran da suka matsa mini ba su iya gama kofi ɗaya ba. A wani kuma, da jin cewa baƙuwa ce ni, sai aka nufi gwangwani mafi tsada da ni, na tambayi bambancinsa da na kusa da shi aka ce "wannan ya fi kyau", magana ta ƙare. Ga kuma ƙarancin da aka shiga tun ƙarshen 2024, lokacin da duniya ta yi ca a kan matcha har manyan gidajen shayi na Kyoto suka taƙaita abin da mutum ɗaya zai saya. Wasu shagunan kafin azahar sun liƙa takardar "ya ƙare". Mai sayarwa da ya san kayansa za su ƙare ko ya yi fara'a ko bai yi ba, sai ya daina yin ta.

Da wannan gajiyar na hau jirgin layin Nara daga tashar Kyoto zuwa Uji, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba. Titin da ya nufi Byodo-in, ginin nan da hotonsa ke jikin kwabon yen 10, cike yake da shagunan shayi, ƙamshin gasasshen ganye tun daga bakin gada. Manyan duk layi ne har waje. Naku yana cikin wani lungu, ƙofar katako, tebur ɗaya, ba kowa a ciki sai dattijuwar tana ninke takardun naɗe kaya.

Babbar 'yata ce tafinta, don makarantar firamare ta koya mata Japananci fiye da mu iyayenta. Na nuna wani gwangwani mai tsada, na riga na saddaƙar cewa tsada ce mafita. Dattijuwar ta sauko da shi, amma ba ta nufi na'urar kuɗi ba. Ta ɗan rusuna ta ce, "Uwargida, sha za a yi ko girki?" Da ta ji askirim ne, sai ta mayar da gwangwanin inda yake.

Ta shimfiɗa farar takarda, ta ɗebo gari iri biyu da ɗan cokalin gora ta zuba kusa da juna, ta sa yatsa ta ja kowanne. Na farkon ya bar layi mai tsawo, sumul, korensa har ɗaukar ido yake. Na biyun ya ɗan fi duhu, layinsa ya katse da wuri. Ta ce na farkon tsinkar fari ce ta watan Mayu. Ana yi wa bishiyoyin rumfa kwana ashirin ko fiye kafin a tsinke, saboda rashin rana yana sa ganyen ya ƙara kore ya riƙe garɗinsa, rana kuwa ita ke kawo bauri. Sai a turara ganyen, a busar ba tare da an murza ba, a cire jijiyoyi da kara, sannan a kai dutsen niƙa, wanda a awa guda abin da yake fitarwa bai wuce giram 40 ba. Wannan, in ji ta, da ruwa kaɗai ake shan sa. In aka zuba shi cikin kirim da sukari, kitsen zai danne duk abin da aka biya kuɗi dominsa, a ji madara kawai. Na biyun yana da ɗan ɗaci da ƙarfi, shi ne zai iya tsayawa a cikin madara a san da shi. Kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba. Ta juya bayan ledar ta ɗora yatsa a kan layin sinadarai don 'yata ta karanta mini: abu ɗaya tak aka rubuta, shayi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda kuwa bayan nan ya faru. Shagon yana sayar da nasa askirim ɗin a mazubi, ƙaramin ɗana ya gani ya fara jan mayafina. Na tambaya, kamar yadda na saba, ina jiran amsar da na saba ji, wato "ba komai, madara ce kawai". Dattijuwar ta ce shayin nasu ne, amma ruwan madarar wani kamfani ke kawo musu, ba za ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba. Ta shiga ciki ta ɗauko kwalin, ta duba, ta ɗaga wayar shago ta kira kamfanin. Muna tsaye muna jin ta tana "hai, hai", tana rusuna wa wanda ba ya ganin ta. Da ta ajiye wayar ta ce akwai wancan sinadarin, wanda ta samu a waya kuma bai iya tabbatar mata daga ina yake ba, don haka ita dai ba za ta ce mu ci ba. Ta ba da haƙuri kamar laifinta ne. Ta durƙusa daidai tsayin yaron ta ce masa mama za ta yi masa wanda ya fi wannan, sannan ta zuba musu gasasshen shayi mai sanyi a ƙananan kofuna, ta ce shi ba ya hana yara barci sosai. Ciniki biyu ta bari ya wuce ta cikin ɗan lokaci, ban kuma ga alamar abin ya dame ta ba.

Kafin mu fita ta yage takarda ta rubuta mini awo, ga shi nan ga mai so. Matcha giram 10, wato kamar ƙaramin cokali biyar. Kirim ɗin madara kwali ɗaya na mililita 200, mai kitse sama da kashi 40. Madara mililita 200. Gwaiduwar ƙwai uku. Sukari giram 80. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin kirim ɗin, ta ce in kula, akwai mai kama da shi a gefensa a kanti wanda na man tsirrai ne, da shi da gudun da nake yi duk ɗaya. A tankaɗe garin da rariya mai laushi, in ba haka ba gudaji zai yi, kuma gudajin matcha in ya shiga madara ba ya fashewa. A dama shi da ɗan madara mai ɗumi har ya yi sumul, a ajiye gefe. A kaɗa gwaiduwa da sukari, a zuba sauran madarar, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya fara kama bayan cokali. Kada a bari ya tafasa, ƙwan zai tsinke. Sai an sauke ya huce sannan a zuba damammen shayin, don zafi mai yawa yana kashe launin ya tayar da bauri. A buga kirim ya ɗan yi kauri, a haɗa a hankali. Wanda ba shi da injin askirim, irina, ya zuba a farantin ƙarfe mai zurfi ya sa a firiza, duk bayan minti 40 ya fito da shi ya fasa da cokali mai yatsu, sau uku ko huɗu, don kada ƙanƙara ta yi tsakuwa a ciki. Ta ƙara da cewa kada in ba yara da daddare. Ledar kuma in matse iskarta in sa a firij, in cinye ta cikin wata guda da buɗewa, kuma in na fito da ita in bar ta ta huce sanyi kafin in buɗe, kada raɓa ta shiga.

Na bi takardar yadda take. Ya fito kore mai haske, cokali na shiga ba gardama, zaƙin na fara zuwa sannan ɗan ɗacin ya biyo baya ya wanke baki. Maigida, da ba ya shiri da kayan zaƙi, shi ya kankare farantin. Na kai wa matan da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a, 'yan Indonisiya da Maleshiya, su ma masu juya bayan kwali ne irina, yanzu hoton takardar dattijuwar yana cikin wayar kusan kowaccensu.

Sauran hidimar shagon, naɗe kaya da miƙo canji da hannu biyu da rakiya zuwa ƙofa, wannan ko'ina ana yi a Japan, ba shi nake yabo ba. Rusunawa ba ta da tsada. Na ga inda aka rusuna mini har ƙasa aka kuma sayar mini da sukari a matsayin shayi. Yanzu da kasuwar matcha ta buɗe, kowa ya zama gwani: gwangwanaye da rubutun Turanci wai "na biki" ne, alhali babu wata doka a Japan da ta ce ga abin da ya cancanci wannan suna, kowane kamfani shi ke raɗa wa kayansa. Wasu garin ganyen da bai taɓa ganin rumfa ba ne, a ƙara masa launi. Ga masu sari da ke bin shaguna suna kwashewa su ɗora a intanet da ninkin kuɗi, mutanen gari da suka shekara suna saye su zo su tarar ba komai. Mu ma a gida ba mu tsira ba. Sau nawa mutum zai tambayi mai kanti abin da ke cikin kaya, ya amsa da "wallahi orijinal ne, Hajiya" tun kafin ya duba? Kalmar "ban tabbatar ba, bari in tambaya" ta yi mana nauyi a baki, kamar faɗinta zai kori albarkar kasuwa. Ga mai tambaya don addininsa kuwa, wannan rantsuwar ta garaje ta fi shiru cutarwa.

Saboda masu sarin nan ne ban rubuta sunan shagon a nan ba, don kayanku ba su da yawa, ba na so in jawo muku su. 'Yar'uwar da ke kusa da Kyoto kuma take buƙata, ta neme ni in kwatanta mata lungun.

A gaishe mini da dattijuwar, yara ma suna gaishe ta. Allah ya ba ta lafiya da nisan kwana, ya ƙara wa shagon kasuwa.

Taku,
wata uwar yara biyu, daga Kyoto.